Neman kalma: yaya za mu ce "oikodespotein" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako kan wani fi'ili na Girkanci da ke cikin 1 Timoti 5:14, inda Bulus yake wa Timoti magana a kan gwauraye mata masu ƙuruciya a Afisa: su yi aure, su haifi 'ya'ya, su "oikodespotein". A duk Sabon Alkawari wannan fi'ilin a nan kaɗai ya fito, don haka babu wata ayar da za a gwada shi da ita.

Kalmar haɗi ce. "Oikos" gida ke nan. "Despotes" kuwa ubangiji ne, mai iko. A wannan wasiƙar dai, sura 6, da ita aka kira iyayengijin bayi, kuma a Luka 2:29 da ita tsoho Saminu ya kira Allah. Sunan da aka samu daga haɗin, "oikodespotes", ya fito sau 12 a Matiyu da Markus da Luka, kuma namiji ake nufi: mai gonar inabin da ya fita tun da sassafe ɗaukar 'yan ƙwadago, da wanda ya tashi ya kulle ƙofa. Maigida ke nan sak. Abin lura shi ne, a ayarmu mata aka ba wannan aikin.

Da yawa sun ce mini "kula da gida". Ban gamsu ba. Mai gadi ma yana kula da gida, haka maƙwabcin da ka bar wa makulli. Ina ikon ya tafi? "Aikin gida" ya fi muni, don da an faɗa sai hankali ya koma kan shara da wanke-wanke. Gidan mai hali a Afisa ta ƙarni na farko kuwa akwai bayi, akwai rumbun hatsi da tulunan mai, akwai kaɗi da saƙar ulu, kuma wani ne ke rabon aiki yana riƙe lissafin abin da ya shiga da wanda ya fita.

Wani ɗan'uwa ya kawo "mallakar gida". Malam, ka yi haƙuri, wannan ba za ta karantu a zumuntar mata ba tare da an yi dariya ba. Kowa ya san abin da kunnen Bahaushe ke ji idan aka haɗa mace da mallaka. "Mulkin gida" ta fi kusa da asali, sai dai tana warin fada da dogarai.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta wata mama da ta ce "su zama uwayen gida". Ta yi daidai da tsohuwar fassarar Latin ta Vulgata, wadda ta ce "matres familias esse", wato su zama uwayen iyali. Matsalar tamu ce: uwargida a Hausa tana tafe da amarya a bayanta. Mai karatu zai iya ɗauka ana maganar matsayi tsakanin kishiyoyi, alhali ayar ba ta taɓo wannan ba ko kaɗan.

Ni dai na tsaya a kan "riƙon gida". Ba sai an ƙirƙira ba, muna faɗinta: wance ta iya riƙon gida, wane shi ke riƙe da gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Namiji na riƙe gida, mace na riƙewa, kuma wanda ya riƙe shi ake tambaya idan buhu ya ƙare kafin wata ya mutu. Ayar sai ta zama: "su yi aure, su haifi 'ya'ya, su riƙe gida." Shi kuma "proistemi" na sura 3 aya 4, wanda aka faɗa a kan mai kula da ikilisiya da iyalinsa, a bar masa "shugabanci", don kada fi'ilai biyu su cakuɗe. Masu Hausar Sakkwato da Damagaram, haka kuke jin "riƙo" a wajenku?