Hitar injin ƙyanƙyasa mai ƙin mutuwa

A majalisar masu kiwon kaji ta ƙauyenmu, kusa da Kazaure, wani matashi ya kawo kukansa. Hitar injinsa kan ƙi tsayawa jefi-jefi, zafi ya zarce digiri 37.5 da ƙwai ke buƙata har su lalace.

Mafi yawa sun zargi rile, wato makunnin da ke kunna hitar da kashe ta da kansa. In bakinsa ya ƙone sai ya riƙa mannewa. A ɗan ƙwanƙwasa shi, in hitar ta mutu, to shi ne, a canza sabo, kankarewa ɓata lokaci ce. Baba Malam kuwa, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, ya ce a fara duba sensa, wato 'yar na'urar da ke auna zafin cikin injin, domin in ta zame bakin ƙofa, iskar hunturu na ruɗa ta, hitar ta ci gaba da aiki. Ni ma nan na karkata, don duba ta ba ya cin ko kwabo.

Kafin zuwan mai gyara, a ajiye ma'aunin zafi daban kusa da ƙwan, a zare wuta kafin taɓa waya.