Muhawara: A shigo da horon hafsan soja cikin jami'o'inmu?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Batun wannan mako Ɗan Samaru ne ya kawo shi. Ya ce ya kamata Najeriya ta ɗauki tsarin ROTC na Amurka, inda ɗalibi ke karatun digirinsa a jami'ar farar hula yana kuma karɓar horon hafsan soja, ranar da ya gama a liƙa masa anini. A ganinsa hakan ya fi dogaro da NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Bismillah, amma a kiyaye harshe.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Tsarin nan ba jiya aka fara shi ba. Tun 1862 gwamnatin Amurka ta ba jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da fasaha, da sharaɗin a riƙa koyar da dabarun soja a ciki. A 1916 aka yi dokar da ta haifi ROTC. Yau rundunar sojan ƙasansu ta fi samun sababbin hafsoshi ta wannan hanya fiye da ta West Point, makarantarsu ta horar da hafsoshi. Ɗalibi yana ajinsa kamar kowa, sai dai yana da darasin soja da motsa jiki da asuba, kafin shekarar ƙarshe kuma a kai shi sansanin Fort Knox a gwada shi a daji. Colin Powell ta nan ya fito a 1958, daga wata kwalejin gwamnati a New York, har ya zama shugaban hafsan hafsoshin ƙasar. Mu kuma dubban matasa ke neman NDA kowace shekara, ƙalilan ake ɗauka, ga yaƙi a Borno, ga Zamfara da Katsina. Me zai hana injiniyan ABU ko likitan BUK ya fito da digiri da anini lokaci guda?

Baba Sajan: Ɗana, na ji ka. Amma ni da na yi ritaya da igiya uku a hannu, na san abin da ake kira hafsa. A NDA yaron sojan ƙasa shekara biyar yake yi. Ba ya kwana inda ya ga dama, ba ya cin abinci lokacin da ya so. Wannan ne ke gina shi. An taɓa kawo mana wani matashin hafsa mai digiri, wanda ya yi gajeren kwas. Yaro mai ilimi, taswira ba ta yi masa gardama. Daren farko a daji aka sauke abinci, ya miƙa kwano aka fara zuba masa, ya koma gefe ya ci, alhali masu gadi ba su samu ba. Babu wanda ya ce uffan, amma tun daga ranar yaran suka daina kallonsa a ido. Sai da na ja shi gefe na ce, Yallaɓai, hafsa shi ne na ƙarshe a layin abinci, kuma kafin ka kwanta ka sa su cire takalma ka duba ƙafafunsu. Wanda ke zuwa fareti sau biyu a mako ya koma hostel, a ina zai koyi wannan?

Ɗan Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma, ai labarinka ni yake goya wa baya. Wancan hafsan 'yan watanni ya yi. Na ROTC shekara huɗu yake yi a hannun sajan-sajan irinka, sannan bayan anini a tura shi kwas na ɓangaren da zai yi aiki. Tunda dai muna ɗaukar masu digiri ta gajeren kwas, ba gara a fara da su tun daga aji ɗaya ba?

Malamar Jami'a: Ni daga cikin jami'ar nake magana. Tsarin Amurka yana tafiya ne saboda an san ranar shiga da ranar fita. A 2022 ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba. Rundunar da ke jiran hafsoshi a watan Yuli za ta tsaya sai an sasanta da gwamnati? Abu na biyu ya fi tayar mini da hankali, wato makamai. A Maris 2021 an kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, kusa da NDA. A Agustan shekarar aka shiga NDA ɗin kanta, aka kashe hafsoshi biyu aka tafi da ɗaya. A 2023 aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya. Idan aka ajiye ma'ajiyar bindigogi a harabar da katangarta ba ta kewaye ba, gayyata muka aika. Ga ƙungiyoyin asiri da har yanzu ba mu gama da su ba.

Ɗan Samaru: Malama, ba lallai a ajiye bindiga a jami'a ba. Zariya tana da Depot inda ake horar da kurata, barikin Jaji ba nisa, Kano tana da Barikin Bukavu. Darasi a aji, harbi a bariki. Kuma Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu da aka kafa a 2018 fararen hula na karatu a cikinta.

Kawu na Wad Madani: 'Yan uwa, ku bar ni in sa baki daga Sudan, don mun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin 1989 aka kafa dakarun sa-kai na gwamnati da ake kira Difa'ush Sha'abi, aka wajabta wa ɗalibai shiga sansani, har ta kai ba ka shiga jami'a sai da shaidar horo. Da yawa daga sansani aka wuce da su yaƙin kudu. A Afrilun 1998, gab da Babbar Sallah, yaran da ke sansanin Ailafun kusa da Khartum suka nemi tafiya gida aka hana su. Suka gudu wajen kogi, aka buɗe musu wuta, jirgin ruwan da wasu suka hau ya kife. Gommai suka mutu. Akwai iyayen da har gobe ba sa son jin sunan wurin. Duk lokacin da na ji an haɗa ɗalibi da kaki a magana ɗaya, gabana faɗuwa yake.

Ɗan Samaru: Allah ya jiƙansu, Kawu. Amma wancan dole ce. Ni na ganin dama nake faɗa.

Malamar Jami'a: Tarihi ma ya nuna dolen ba ta ɗorewa. A Filifin wajibi ne ga ɗalibai maza, har zuwa 2001 da wani ɗalibi, Mark Welson Chua, ya tona cin hancin da ake yi a sashen ROTC na jami'arsu, aka tsinci gawarsa a kogin Pasig. Bayan nan aka yi dokar da ta mai da shi zaɓi. A Amurka kanta, lokacin yaƙin Biyetnam, an ƙona ginin ROTC a Jami'ar Kent State a Mayun 1970, kwana biyu bayan haka dakarun jihar Ohayo suka harbe ɗalibai huɗu. Jami'ar Harvard ta rabu da tsarin, bai koma harabarta ba sai 2011. Mu ma Samaru ba ta manta da 1978 ba, lokacin zanga-zangar ɗalibai ta Ali Must Go, da sojoji suka harbi ɗalibai.

Baba Sajan: Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Jami'a gidan gardama da siyasa ce, soja kuma ba ya gardama da umarni. A cikin waɗanda suka kitsa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 akwai masu digiri, irin su Ifeajuna da ya yi karatu a jami'ar Ibadan, da Ademoyega.

Ɗan Samaru: Baba, Nzeogwu da ya kai hari gidan Sardauna a Kaduna, makarantar soja ta Sandhurst a Ingila ya yi, ba jami'a ba. Juye-juyen mulkin da suka biyo baya ma 'yan makarantun soja zalla ne suka jagoranci galibinsu. Ni a ganina hafsan da ya yi shekara huɗu yana layin famfo da ɗan Inugu da ɗan Ilori, yana cin bashin mai shayi ɗaya da su, zai yi wuya ya ɗauki farar hula abin takawa.

Baba Sajan: A NDA ma daga kowace jiha ake ɗauka, ɗana. Ban sauka daga shekara biyar ɗin nan ba.

Malamar Jami'a: Ina so in koma kan ganin damar da kake ta faɗa, don a nan gizo ke saƙa. A Amurka wanda ya karɓi tallafin ROTC ana biya masa kuɗin makaranta, ana ba shi alawus duk wata, shi kuma ya sa hannu zai yi wa soja aiki shekaru. Idan ya fasa, ko ya biya kuɗin ko a ɗauke shi ƙaramin soja. To kawo wannan nan, bayan ƙarin kuɗin rajista da jami'o'i suka yi a 2023. Ina da ɗalibai da ke zuwa ofishina da takardar rajista a ninke cikin aljihu, gefenta har ya yi baƙi, mako uku ba su iya biya ba. Ka ce wa irin wannan yaro sa hannu a biya maka, zai sa tun bai karanta ba. Ɗan mai hali ba zai sa ba. Bayan shekara huɗu wa za a tura Sambisa?

Ɗan Samaru: Malama, yanzu ma wa ke Sambisa? 'Ya'yan talakawa ne, kuma kurata, ba digiri ba anini. Wannan yaron naki idan bai biya ba gida zai koma. Ni da kaina zan sa hannu gobe.

Malamar Jami'a: To in har za a yi, ga sharuɗɗana. Shekara biyun farko babu alkawari, kamar yadda wanda bai karɓi tallafi ba yake a can, yaro ya gani da idonsa, in bai iya ba ya fita ba bashi a kansa. Kada a haɗa shi da takardar digiri ko ta bautar ƙasa. Kuma kwamandan sashen ba shi da ta cewa a zanga-zangar ɗalibai ko zaɓen ƙungiyarsu, wannan a rubuta shi cikin doka.

Kawu na Wad Madani: Ki ƙara ɗaya, 'yar uwa. Kada a kai yaro ko'ina da sunan horo sai iyayensa sun san sunan wurin da ranar dawowarsa.