Bishiyoyin keyaki a Nuwamba: in kai Hajiya Sendai ko mu tsaya Tokyo?

Ɗalibin Fuchu: Assalamu alaikum. Hajiyarmu za ta zo Tokyo a tsakiyar Nuwamba, kwana 6 kacal za ta yi, ga ciwon gwiwa. Tun da na tura mata hoton keyaki, bishiyar da rassanta ke tashi su baje kamar tsintsiyar da aka tsayar bakinta sama, ta ce sai ta gani da idonta idan ganye ya rine. In kai ta titin Jozenji a Sendai, birnin da ke arewa maso gabashin Japan, ko titin Omotesando na cikin Tokyo ya wadatar?

Tsohon Sendai: Wa alaikumus salam. Ka kai ta Jozenji, ƙanena. Layi 4 ne na bishiyoyi, rassansu sun haɗe ta sama kamar rumfa, kuma kowace da irin rininta, wata rawaya, ta gefenta ruwan goro, wata kamar jar ƙasa. Jirgin ƙasa mai sauri na Hayabusa daga Tokyo awa ɗaya da rabi ne, kusan yen 11,000.

Yayar Saitama: Ni yen 4,000 na biya a motar dare, kuma har yau ina da-na-sani. Na isa da asuba a ƙarshen Nuwamba, an kwana ana ruwa da iska, na tarar ganyen duk ya zube ya manne a ƙasa, ma'aikata na ɗaura wayoyin fitilun Disamba a kan rassa tsirara. Santsi ya kwashe ni a gaban jama'a, masaukin da na kama kuma ya hana ni kuɗina.

Tsohon Sendai: Hajiya, kin makara ne. Shekara 5 na yi a garin, ke kwana ɗaya.

Yayar Saitama: Wanda ya faɗi ya fi sanin santsin wuri, Malam.

Ɗan Osaka: Idan tsintsiya Hajiya ke son gani, akwai ta a Kurmi, babu biza.

Baƙon Kyoto: Kana zaune Fuchu, a yammacin Tokyo, kana tambaya? Tsofaffin keyaki na titin Baba Daimon, da ke kaiwa wurin ibadar Okunitama, suna bakin ƙofarka.

Yayar Saitama: Kyansu a hoto ne. Mai gidan da nake haya ya rataye jadawalin shara a bakin ƙofa, kuma sunana ne kawai ya fito sau biyu a mako, alhali bishiyar ta gefen maƙwabta ce. Jiya leda 3 na cika da ganyen keyaki kafin in tafi aiki, na dawo na tarar magudanar ruwa ta sake toshewa.