Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: to ina ne gidan mai jitar rok, kiɗan zamani na Turawa?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya ƙanena ya kunna min kiɗan jitar wani Bature, Eric Clapton. Ni da ban san kan abin ba sai na ce, to, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ya kwashe da dariya, wai maganar ba ta zauna ba, domin mutumin ɗan Ingila ne, kiɗan kuwa na baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka ne, wanda ake kira buluz. Muka yi ta musu har aka kira isha'i. A raba mu don Allah.

Malam Mai Jita:
Wa alaikumus salam. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba. Buluz a yankin gonakin audugar Misisipi ya yi ƙarfi. Abin da ke sa ka ji jita tana kuka kamar mutum daga can ya fito: a danne tsirkiya, a tura ta gefe da yatsa har sautin ya lanƙwashe, a girgiza ta. Wasu kuma wuyan kwalba suke zurawa a yatsa su riƙa goga shi a kan tsirkiyoyin. Makaɗin buluz Robert Johnson waƙoƙi 29 kacal ya naɗa, a 1936 da 1937, amma har yau ana tatsarsu. Wani makaɗin buluz ɗin, Muddy Waters, ya koma Shikago a 1943, ya kama jitar lantarki don a ji shi cikin hayaniyar gidajen rawa, ya kuma je Ingila a 1958. Samarin Landan faifai suke saye, su yi ta mayar da allura baya har sai hannu ya kama. Da ni ne, cewa zan yi kayan aro ba ya rufe katara.

Hajiyar Zariya:
Haba Malam, ka yi tsauri. Kayan aro ana faɗa wa wanda ya yi ado da abin da ba nasa ba, ana cikin taro mai kaya ya zo karɓa. Mutum kamar Clapton da ya haura shekara 60 yana kaɗa abu ɗaya, wa zai zo ya tuɓe masa? Sannan ni a sanina, gida a wannan karin maganar tarbiyya ake nufi. Ɗan riƙo ai halin gidan da ya tashi yake ɗauka. Wanda kunnensa ya girma a buluz, buluz ne gidansu. Baban Khadija ya faɗi daidai, ko da a kan dace ne. Sai dai ku lura, mu mata yawanci da habaici muke jefa ta, idan yaro ya yi rashin kunya ana son a taɓa iyayensa.

Malam Mai Jita:
Hajiya, ai an taɓa zuwa karɓar kaya. Marubucin waƙoƙin buluz Willie Dixon ya kai ƙarar ƙungiyar rok ta Ingila, Led Zeppelin, a 1985 kan wata waƙarsu, aka sasanta a wajen kotu, daga baya aka sa sunansa a cikin marubutanta. Na yarda a kan baitoci ne, ba jita ba. Amma katara dai ta fito.

Hajiyar Zariya:
Wannan kam na ba ka. Shi ne aron da ba a yi sallama ba.

Ɗan Agadas:
Ku yi haƙuri manya, kun tsaya a gida ɗaya. Tsuntsun nan, wato jitar rok, ya sha ruwa a rijiya fiye da ɗaya. Kafin Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, jita a kiɗan jaz na Amurka galibi 'yar rakiya ce a baya. Shi ya fito da ita gaba da lantarki, yana jero sauti ɗaya bayan ɗaya kamar mai busa. Ya rasu a 1942 yana ɗan shekara 25. Shi ma makaɗin rok Chuck Berry, kiɗan jitarsa na buɗe waƙa da ya fi shahara, na 1958, kusan haka Carl Hogan ya kaɗa shi a ƙungiyar Louis Jordan tun 1946. To wa ya ari na wa?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Tony Iommi na ƙungiyar rok ta Black Sabbath. Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe a Bamingham ta Ingila. Ya fidda rai da kiɗa. Sai shugabansa a wurin aiki ya kunna masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz da gobara ta nakasa masa yatsu biyu a 1928 amma bai ajiye jita ba. Iommi ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sautin ya ƙara kauri da nauyi. A nan ni abin da zan ce shi ne daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Mu ma a Nijar muna da namu. Bombino ya faɗa cewa bidiyon Jimi Hendrix, gwanin jitar rok na Amurka, ya riƙa kallo yana koyo, amma da ka ji shi ka san Buzu ne.

Ummu Sadik:
Ba wanda ya ambaci kiɗan Turai na dauri. Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple bai ɓoye cewa daga Bach, makaɗin Jamus na dauri, yake ɗebowa ba. Eddie Van Halen da piyano ya fara tun yana yaro. Yngwie Malmsteen ɗan Suwidin kuwa Paganini ya sa a gaba, mai gogen Italiya da ya rasu a 1840, ya ɗora gudun gogensa a kan jita. Waɗannan Turawa ne da kiɗan kakanninsu, kenan su ne karin maganar ta fi hawa. Ni dai gudun nan yana gajiyar da ni. Makaɗin buluz B.B. King sauti ɗaya zai ja ya girgiza, tsigar jiki ta tashi.

Malam Mai Jita:
Ummu Sadik, su ɗin ma da za a cire musu lanƙwasa tsirkiyar nan, da rabin kukan ya tafi. Goge suke kwaikwayo, amma da yatsun buluz.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa ƙanena duka. Yanzu ya ɓullo da wata: wai aku ma tsuntsu ne, kuma kukan gidan wasu yake yi, saboda haka karin maganar ce da kanta take da gyara.

Hajiyar Zariya:
Ka ce masa aku bai taɓa ƙara ko harafi a kan abin da ya ji ba. Ya je ya saurari Hendrix ya dawo mu yi magana. Kuma ka gaishe min da Maman Khadija.