Kashin karnukan gadi: in na tsima shi da dusa, zan iya sa wa lambu?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da irin maganar. Tun da ɓarayi suka addabi layinmu a nan Kaduna maigida ya kawo karnukan gadi biyu, ga kuma kyanwa da muke da ita tuntuni saboda ɓeraye. Damuwata kashin ne. Yaron da ke kula da su kwashewa yake ya watsa a kwata, maƙwabciyata kuwa ta yi min magana, kuma da gaskiyarta, don da an yi ruwa a ƙofar gidanta yake tsayawa. In an ƙulle a leda an ajiye wa masu kwasar shara, kafin su zo ƙuda ya cika gida.

To sai na ga wani bidiyo a YouTube, wai ana zuba shi a bokiti mai murfi, a barbaɗa wata dusa, ya tsimu ya zama taki, sunan abin bokashi. Ina da ɗan lambu a bayan gida, alayyafo da latas da zogale, sai bishiyar mangwaro guda. Akwai wanda ya taɓa yi? Kuma zan iya sa wa lambun? Muna da rijiya a tsakar gida, yarana kuma ƙanana ne, wuni suke cikin ƙasa.

Ɗan Tudun Wada: Hajiya, meye na wahalar da kai? Ki sa a haƙa rami a binne, magana ta ƙare.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Ana yi, ni ma ina yi da ragowar abinci da ɓawon kayan miya. Daga Japan abin ya fito. Wani farfesan aikin gona a Okinawa, Teruo Higa, shi ya haɗa ƙwayoyin da ake kira EM a farkon shekarun 1980, mafi yawansu irin masu sa nono da kamu yin tsami ne, da yis. In aka hana su iska sai su cinye sukarin da ke wurin su fitar da tsami, tsamin ne ke danne ƙwayoyin ruɓa masu kawo ɗoyi.

Da su ake tsima dusar, kuma ba sai kin nemi ta kanti ba. Ki ajiye ruwan wankin shinkafa na farko a kwalba, ki rufe bakin da ƙyalle, bayan kwana uku zuwa biyar zai yi tsami. Ki zuba kashi ɗaya nasa cikin kashi goma na madara, ki bar shi kamar mako, zai tsinke, farin ya taso sama, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya kwanta ƙasa. Wannan ruwan muke so. Ki narka mazarƙwaila a ciki, ki ƙara ruwan rijiya, ki yayyafa wa dusar masara ko ta shinkafa har ta kai in kin dunƙula a hannu ta tsaya amma ruwa bai ɗiga ba. Ki matse ta a leda mai kauri, ki fitar da iska, ki ɗaure, mako biyu. Sai ki shanya a inuwa.

Bokitin fenti mai lita 20 guda biyu sun isa, in dai murfin yana kamawa da kyau. A shimfiɗa garin katako a ƙasa don ya shanye ruwa. Duk lokacin da aka zuba kashi a barbaɗa dusa tafi guda ko biyu har ya rufu, a danne, a mayar da murfi nan take. In ya cika a ajiye shi a inuwa aƙalla mako biyu ba a taɓa ba, a koma ɗayan. Da zafin Maris da Afrilu murfin kan kumbura, a ɗan ɗaga gefe iska ta fita a mayar. In kin ga farar fumfuna a sama lafiya lau ne. In baƙa ce ko koriya, ga ɗoyi, to iska ta shiga ko dusar ta yi kaɗan. Kuma kada ki sa ran ki buɗe ki ga baƙar ƙasa, yadda aka zuba shi haka za ki tarar da shi, sai an binne yake narkewa.

Hajiya Mai Kaji: Ikon Allah. Malam, kashin kare fa ake magana, ba na akuya ba. A wajenmu Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ba a cin namanta najasa ne, na kyanwar ma haka. Ni dai zuciyata ba za ta karɓi latas ɗin da ya sha wannan ba ko da likitan duniya ya wanke shi. In ma za a yi bokitin, a ware masa shebur da tsintsiya da takalmi nasa, yaron kuma ya daina shiga masallaci da kayan aikin.

Dakta (likitan dabbobi): Hajiya, zuciyarki da littafinmu sun zo ɗaya a kan latas ɗin. Malam ya yi bayanin aikin daidai, amma bari in faɗi inda tsamin ya tsaya.

Yana rage wari, yana hana ƙuda, yana kuma karya da yawa daga ƙwayoyin da ke sa gudawa. Ƙwan tsutsar ciki ne ba a dogara da shi a kansa. Akwai wata tsutsa a hanjin kare, Toxocara, mace guda tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana. Ƙwan yana da ɓawo mai kauri, bai damu da tsami ba, yana iya yin shekaru a ƙasa da ransa. Bayan mako biyu zuwa huɗu a cikin ƙasa yake nuna ya zama mai cutarwa. Yaro ya yi wasa ya kai hannu baki, tsutsar ta ƙyanƙyashe a cikinsa, ta rasa wurin zama don ba jikin kare ba ne, sai ta yi ta yawo, ta shiga hanta, wani lokaci ido. Akwai wata kuma da ke huda fatar ƙafa in an taka ƙasa mai danshi ba takalmi, ka ga layi yana murɗe-murɗe a ƙarƙashin fata da ƙaiƙayi.

Wadda ta fi ba ni tsoro a ƙasar nan ita ce wadda kare ke ɗauka in an jefa masa ɗanyen huhu ko hanta mai ƙululun ruwa, irin wanda mahauci ke yankewa ya yar, ko a layya a ce a ba karnuka. Ƙwanta yana fita a kashi. In ya shiga mutum sai jakar ruwa ta tsiro masa a hanta ko huhu, tana girma shekara da shekaru shiru, wani sai an yi masa aiki.

Don haka 'yar uwa, ki yi bokitin in kina so, ya fi kwata nesa ba kusa ba. Amma abin da ya fito daga cikinsa rami za shi, mai zurfin da ƙasar da za ta hau kansa ta kai aƙalla gwiwa, inda yara ba sa wasa, kaji ba sa tono. Ganyen da ake ci ɗanye ko yake kwance a ƙasa kada ya kusance shi. Ruwan da ke taruwa a gindin bokiti ma ramin za shi, kada a yi ban ruwa da shi kamar yadda masu na ragowar abinci ke yi. Karnukan kuma a riƙa ba su maganin tsutsa duk wata uku, a tabbatar akwai sinadarin da ake kira praziquantel a ciki, a dafa musu kayan ciki kafin a ba su. Kashin kwanakin farko bayan magani a ƙulle shi daban, shi ya fi ɗaukar tsutsa.

Malamin Gona: Dakta, na yarda. Amma in aka bi shi da takin tsibi mai zafi fa? Zafi ai yana kashe ƙwan.

Dakta: Yana kashewa in tsibin ya kai wajen digiri 60 ya zauna a haka kwanaki, kuma kowane gefe ya samu. Karnuka biyu ba za su tara abin da zai ɗauki wannan zafin ba, gefen tsibi kuma kullum sanyi yake. Wa zai tsaya da ma'aunin zafi yana juyawa? Ko a Alaska, inda suke da karnukan jan keke a kan ƙanƙara da yawa har suka gwada takin sosai, shawarar da suka bayar ita ce a bar shi ga furanni da ciyawa.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri, jikina ya yi sanyi. Mangwaron fa? Yana nan kamar taku goma daga rijiyar. Sannan kyanwar a kwanon yashi take yi, ƙanwata ce ke zubarwa, ita kuma tana da ciki wata biyar.

Dakta: Ƙanwarki ta bar wannan aikin daga yau. Kashin kyanwa na iya ɗaukar wata ƙwayar cuta, Toxoplasma, wadda in mai ciki ta kamu da ita a karon farko tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, ko ta jawo ɓari. Ba sai an kori kyanwar ba. Ƙwayar tana buƙatar kwana ɗaya zuwa biyar bayan ta fito kafin ta iya kama mutum, don haka wani ya riƙa kwashewa kullum da safar hannu, a ƙulle a leda biyu a kai shara, a wanke kwanon da tafasasshen ruwa. Kada kashin kyanwar ya shiga bokitin. Ita kuma ta faɗa wa masu awo in ta je.

Mangwaro shi kansa ba matsala, 'ya'yansa a sama suke, tsutsa ba ta bin saiwa ta hau. Rijiyar ce matsalar. Ƙa'idar da ake bi tsakanin masai da rijiya mita 30 ce, taku goma bai kama ƙafarta ba, balle da damina da ruwan ƙasa ke tasowa.

Baba Magini: 'Yata, filin gida na yau da kullum tsawonsa gaba ɗaya bai wuce mita 30 ɗin ba, to ina za ki samu? In kuna da shadda ko sokawe, kashin karen tsurarsa, ba yashi ba leda ba garin katako, a zuba shi can kullum da safe a kora ruwa, dama don ƙazanta aka gina wurin. In kuma bokitin kike so, maigida ya riƙa ɗaukarsa a bayan mota duk sanda ya cika, a kai gona ko wani fili, a binne gindin darbejiya ko turare. Murfin yana riƙe wari, ba wanda zai san abin da ya ɗauko. Inda karnukan ke kwana kuma a dafe shi da siminti, a karkatar da shi nesa da rijiyar, a ɗaga bakin rijiyar da bulo biyu a sa mata murfi.

Uwar Biyu: Muna da fili a hanyar Zariya da aka zagaye da turare, can za a riƙa kaiwa. Malam, dusar gero za ta yi? Ita ce a wajen mai injinmu.

Malamin Gona: Za ta yi sarai. Ki dai tankaɗe tsakuwa, kuma kada ki shanya ta a rana bayan ta tsimu, zafin yana kashe ƙwayoyin.