Dan Allah me za mu kira "soft power" da Hausa? Gobe zan naɗi shiri

Rabi'u Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Agaji nake nema cikin gaggawa, gobe ƙarfe tara na safe zan shiga situdiyo mu naɗi shiri kan manufofin Amurka a harkokin waje, kuma baƙon nawa malamin jami'a ne, na san sai ya yi ta maimaita "soft power". Wani farfesa Ba'amurke, Joseph Nye, shi ya fito da kalmar a 1990, nufinsa ƙasa ta sa wasu su so abin da take so ba tare da ta nuna musu bindiga ko ta miƙa musu kuɗi ba. Na rubuta "ƙarfi mai laushi" na karanta a fili sai na ji kamar tallar katifa. Me kuke gani?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam. Ai muna da ita tun tuni, farin jini. Ƙasa mai farin jini ita ce wadda ake son finafinanta da jami'o'inta da salon rayuwarta ba tare da an tilasta wa kowa ba. Ka ce "ƙarfin farin jini", kishiyarsa kuma ƙarfin tuwo, shikenan mai sauraro ya gane.

Ɗan Katsina:
Ni kwarjini na fi gani Malama.

Malama Hadiza:
A'a ƙanena, kwarjini akwai tsoro a ciki, wanda ya yi maka kwarjini ba ka iya haɗa ido da shi. Jirgin yaƙi ma yana da kwarjini ai.

Malam Garba Mai Nazari:
Farin jini baiwa ce da Allah ke ba mutum, ba a tsara ta a ofis, alhali abin da ake magana a kai da gangan ake gina shi da kasafin kuɗi. Na daɗe da ƙirƙiro kalma kan wannan, "tausasiko", wato tausasa da iko a haɗe. Ina koyar da ita ga ɗalibaina kuma sun karɓa. Harshen da ba ya haifar sabbin kalmomi ai mutuwa yake yi.

Ɗan Katsina:
Malam tausasiko kuma? hhhh wlh in aka faɗe ta a rediyo mutanen ƙauyenmu za su ɗauka sunan wani shugaban Japan ne

Malam Garba Mai Nazari:
Yaro yi dariyarka. Wa ya san "kujerar naƙi" kafin 'yan jarida su dage da ita? Yau kowa ya ji an ce Rasha ko Amurka ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu ya san an kashe ƙuduri kenan. Haka takunkumi, na bakin dabba ne a da, yanzu har Iran ake ƙaƙaba wa.

Malama Hadiza:
Ranka ya daɗe misalanka ni suke goya wa baya. Kujera da naƙi da takunkumi duk kalmomi ne da Bahaushe ya riga ya sani, aiki kawai aka sauya musu, ba wanda ya yanko rabin wannan ya liƙa wa rabin waccan.

Issoufou Damagaram:
Mu nan Nijar ko masu Faransanci sau da yawa kalmar Ingilishin suke faɗa yadda take. Amma ku duba abin da ya faru gabanmu, sojan Faransa sun fita a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar sansanin Agadas a 2024, wannan ƙarfin soja ne ya tafi. To amma tun watan Agustan 2023 aka toshe kafafen yaɗa labaran Faransa, wato RFI da France 24, saboda masu mulki sun san akwai wani ƙarfin da ke shiga ta kunne. Ni "ƙarfin jan ra'ayi" zan ce.

Rabi'u Fagge:
Yaya Issoufou ka taɓo inda nake so na kai shirin. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus da Sin duk a shekarun 1960, Muryar Amurka a 1979, ba don ƙaunar harshenmu kaɗai gwamnatoci ke zuba kuɗi a nan ba. Kuma a 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da Muryar Amurka ta rushe USAID, hukumar ba ƙasashen waje tallafi da shugaba Kennedy ya kafa a 1961, tambayar da zan yi wa baƙon kenan, me Amurka ta yi asara.

Auwal Injiniya:
Amma a kula, tallafin kuɗi ba ya shiga ciki kai tsaye a ma'anar shi Nye ɗin, hanya uku ya kasa, tilastawa da biya da kuma jan hankali. Shirin Marshall na 1948 kuɗi ne tsagwaronsu wajen dala biliyan 13 aka zuba wa Yammacin Turai, ƙaunar da ta biyo baya ita ce abin da muke nema wa suna. Don haka duk wanda zai kawo "sayen zuciya" ma ya ajiye.

Alhaji Bello Sakkwato:
Duk wahalar banza kuke. Larabawa sun fassara ta "alƙuwwatun na'ima", mu ɗauko mana, ai diflomasiyya ma aro ce, siyasa da mulki da daula duk daga Larabci suka zo ba wanda ya ce uffan. Matsalar ita ce ku Kanawa kun ɗauka in ba a faɗi abu a Kano ba to ba Hausa ba ce.

Ɗan Katsina:
Toh fa, an taɓo.

Malam Garba Mai Nazari:
Alhaji aro bayan aro har yaushe? Wannan raina kai ne ya sa muka wayi gari da "yaƙin cacar baka", wai cacar baka, alhali an kashe miliyoyi a Koriya da Biyetnam da Angola. Da an bar masana sun zauna da ba a yi wannan ɓarnar ba. 'Yan jarida ne ke gurɓata harshen nan saboda sauri.

Rabi'u Fagge:
Malam da girmanka, mu ɗin da ake zagi mu ne ke da minti ashirin da biyar da mai sauraro a kan babur. Kuma cacar baka tsakanin Mosko da Washinton ake nufi, su biyun ai ba su gwabza kai tsaye ba.

Alhaji Bello Sakkwato:
Ba a ba ni amsa kan Kanawa ba dai.

Malama Hadiza:
Alhaji ni 'yar Zariya ce, ka nemi wani. Rabi'u dare na yi. Ka duba yadda finafinan Indiya suka shiga gidajenmu shekara da shekaru har suka yi tasiri a namu finafinan, ba soja ba tallafi, in ka tambayi kowace uwa a gida za ta ce maka Indiya ta yi farin jini. Gardamar Malam cewa ana gina shi da gangan gaskiya ce, amma kalmar "ƙarfi" da ke gaba ta ɗauke wannan.

Issoufou Damagaram:
Na fi son tawa har yanzu, don farin jini bai nuna ana son a kai ka wani wuri ba. Amma ba zan yi faɗa ba.

Rabi'u Fagge:
To ga yadda zan yi. Farkon shiri zan ce "ƙarfin farin jini, wato jan ra'ayin wasu ƙasashe ba da bindiga ko kuɗi ba", daga nan na ci gaba da ƙarfin farin jini kawai. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Malam Garba Mai Nazari:
Na bar maka don gaggawa ce, ba don na gamsu ba. A ajina dai tausasiko ce.

Auwal Injiniya:
Rabi'u kafin ka kwanta, in baƙon naka ya ce "proxy war" fa, ka tanadi wani abu?

Rabi'u Fagge:
Innalillahi. Jama'a kar kowa ya tafi tukuna.