Neman asalin wani tsohon ƙarfen ciniki da na samu a adakar kakana

Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Malam Madori a Jihar Jigawa, kuma wata uku ke nan ina neman asalin wani ɗan ƙarfen tagulla da na tarar a adakar marigayi kakana, wanda ya yi awon gyaɗa a zamanin Turawa.

Faɗinsa ya kai na tsohon kwabo, amma ba kuɗin gwamnati ba ne, domin kwabo da aninin wancan zamani suna da huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, shi kuwa hujinsa ƙarami ne a gefe, kamar na ratayawa. A fuska ɗaya an buga lamba 47, a ɗayar kuma "& Co" kaɗai ke karantuwa, wato ƙarshen sunan wani kamfani da Turanci. Na goge shi da toka da lemon tsami, sai sauran haruffan suka ƙara dusashewa, abin da har yanzu nake nadamarsa.

Na kai shi Kasuwar Kurmi. Wani dattijo ya ce shaida ce da kamfanonin gyaɗa ke ba 'yan dako a tashoshin jirgin ƙasa na layin Kano zuwa Nguru, wani kuma ya ce na karɓar kaya ne a kanti. Na fi karkata ga maganar farko saboda hujin, amma ba wanda ya kawo hujja. Binciken hotonsa a intanet ma tsofaffin kwabbai kawai yake nuno mini.

Ta wace hanya zan gano kamfanin da ya buga shi, tunda sunan ya goge? Na gode.